Zanen tsuntsaye na mujallun 1940 zuwa 1970: tambayoyi da amsoshi ga mai son sayen na asali

Zanen da muke magana a kai kayan aikin madaba'a ne. An yi shi don a ɗauke shi hoto a buga a mujalla, daga nan aikinsa ya ƙare, ba wanda ya yi tunanin za a rataye shi a bango bayan shekara saba'in. Daga nan alamomin da ke gefensa suka samo asali, haka ma irin fentin da aka sa masa da irin lalacewar da ke samunsa yau.

Me ya sa mujallu suka dogara da masu zane alhali akwai kyamara?

Fim ɗin launi na lokacin ba shi da sauri. Kodachrome, wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1930, saurinsa 10 ne kacal a ma'aunin saurin fim da ake kira ASA, sai a 1961 aka fito da mai 25. Da irin wannan fim, ɗan tsuntsun da ke tsalle a inuwar reshe sai dai ya fito dishi-dishi. Mai zane kuwa yana iya jera namiji da tamata da ɗan tsako a shafi guda, kowanne ya juyo da gefen da ake gane shi da shi. Da fim ya ƙara sauri, talabijin kuma ya kwashe kuɗin talla, sai kasuwar ta mutu: mujallar Collier's ta rufe a farkon 1957, Saturday Evening Post a 1969, Life ta mako-mako a 1972.

Su wane ne ya kamata in san sunansu?

A Amurka akwai hanya biyu. Ta farko ita ce ta masu bin tsuntsu gashi da gashi: Roger Tory Peterson (1908–1996), wanda ya yi wa Life zane a shekarun 1940, Walter A. Weber (1906–1979), mai zanen National Geographic daga 1949 zuwa 1971. Arthur Singer (1917–1990), wanda aikinsa ya fito a Sports Illustrated a shekarun 1950. Da Don Eckelberry (1921–2001).

Ta biyu ita ce hanyar Charley Harper (1922–2007) na Cincinnati, wanda ya yi wa Ford Times, 'yar ƙaramar mujallar kamfanin motar Ford, aiki daga ƙarshen shekarun 1940 har farkon 1980. Shi yakan rage tsuntsu ya koma da'ira da kusurwa da 'yan layuka siriri, launi shimfiɗe ba inuwa, amma ko yaro ya gani ya san wane tsuntsu ne. Da yawa daga masu neman salon tsakiyar ƙarni na ashirin shi suke nufi, shi ya sa ake yawan rikicin bugu da na asali a kan aikinsa.

A Birtaniya babban suna shi ne Charles Tunnicliffe (1901–1979), wanda ya zauna a tsibirin Anglesey daga 1947, ya yi bangon mujallar ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB da katunan da ake sakawa a cikin kwalin shayin Brooke Bond. Zane-zanen da ya bari suna gidan adana kaya na Oriel Môn a Llangefni. Akwai kuma Eric Ennion da Peter Scott.

Idan mai sayarwa ya ce "na asali ne", me yake nufi?

Tambaye shi, don abu uku ne ke yawo da wannan suna. Akwai zanen hannu, wanda guda ɗaya ne tak a duniya. Akwai bugun sikirin, irin wanda masu buga riguna ke yi, wanda mai zanen ya yi da kansa ko aka yi da izninsa. Harper da matarsa Edie sun buga irin wannan da hannu a shekarun 1950, Ford Times tana sayar wa masu karatu ta gidan waya, daga baya kuma Frame House Gallery ta Louisville ta riƙa fitar da manya masu lamba da sa hannu. Waɗannan suna da daraja, amma ɗaruruwa ne ko fiye. Na uku shi ne shafin da aka yago daga tsohuwar mujalla aka sa a firam. Shafin tsoho ne da gaske, sai dai an buga irinsa dubun dubata, kuma kuɗinsa bai kamata ya wuce na mujallar ba.

Ta yaya zan bambanta zanen hannu da bugu?

Kayan aiki biyu sun isa: gilashin ƙara girma mai ninki 10, irin na maƙeran zinari, da ƙaramar tocila.

Ka fara da gilashin, ka ɗora shi a wurin da launi yake tsaka-tsaki, kamar ƙirjin tsuntsu ko sararin sama. Bugun mujalla launi huɗu ne, shuɗi da ja da rawaya da baƙi, kowanne a jere cikin ɗigo-ɗigo, wajen layi 120 zuwa 150 a inci guda. An karkata kowane launi a kusurwa dabam, shi ya sa ɗigon ke haɗuwa su yi 'yan zobba kamar fure. Da ka ga wannan zobe, magana ta ƙare, bugu ne. Bugun firinta na zamani ba ya yin zobe, sai dai yayyafin ɗigo ƙanana a warwatse, kuma za ka ga ɗigon ja ko shuɗi a wurin da ido ke ganin toka-toka. Bugun sikirin ba shi da ɗigo ko kaɗan: kowane launi shimfiɗe yake sumul, gefensa kaifi, kuma inda launi biyu suka hau juna akwai ɗan siririn tudu ko wani launi na uku.

Daga nan ka kashe wutar ɗaki, ka kwantar da tocilar kusan daidai da fuskar zanen, haske ya shigo ta gefe. Zanen hannu zai nuna sawun buroshi, da wurin da fenti ya taru a ƙarshen layi, da ɗigon fari mai tudu a ƙwayar idon tsuntsu, wanda galibi shi ne abu na ƙarshe da mai zane ke sawa. Za ka ga layin fensir yana leƙowa ta ƙarƙashin fenti a gefen fiffike, wani lokaci da hujin ƙafar kamfas a tsakiyar da'ira idan zanen mai siffofin lissafi ne. Inda mai zane ya canza shawara ya rufe ƙafa ko reshe da fari, wurin zai fi sauran kauri.

Ka yi hattara da bugun da aka shafa wa fenti kaɗan a kai don ya yi tudu. Shi ya sa ba a duba wuri ɗaya: duba aƙalla biyar, har da kusurwoyi da bayan fage, inda mai jabu ba ya wahalar da kansa.

Ba na iya zuwa wurin. Me zan nema a turo mini?

Hoton gaba gaba ɗaya har da gefuna, ba firam. Hoton baya. Hoto na kusa sosai a wuri biyu ko uku. Hoto da haske ta gefe. Wanda ya ƙi cire zane daga firam, ko ya ce takardar da ta rufe bayan ba ta taɓuwa, a bar masa kayansa.

Gefen zanen duk rubuce-rubuce ne da datti. Hakan na rage masa daraja?

Yana ƙara masa. Waɗannan su ne shaidar cewa zanen ya bi ta madaba'a. A gefe za ka iya ganin 'yan layuka a kusurwa huɗu da ke nuna inda za a yanke, da alamar gicciye cikin da'ira wadda ake daidaita launuka huɗu da ita, da kibiya mai kai biyu da aka rubuta faɗin da ake so, ko kashi nawa cikin ɗari za a rage girman. Wasu rubuce-rubucen da shuɗin fensir mai haske aka yi su, domin fim ɗin madaba'a ba ya ganin wannan shuɗin. Akwai gwajin launi da mai zane ya goga a gefe kafin ya taɓa tsuntsun. Sau da yawa akwai farar takarda shara-shara da aka manna daga sama tana rufe zanen, editan zane ya yi gyare-gyarensa a kanta.

A baya kuma akwai tambarin kamfanin da ya yi kwalin da aka yi zanen a kai, kamar Whatman, Bainbridge, Strathmore ko Crescent, da hatimin mujallar, da lambar aiki, da wata da shekarar fitowa, wani lokaci har da lambar shafi. Da wannan za ka nemo ainihin fitowar mujallar ka gwada.

Babbar ɓarnar da ake yi wa irin wannan zane ita ce mai firam ya yanke gefen don ya yi tsaf. Kada ka yarda. A rufe gefen da kwalin firam idan ba a son ganinsa, amma kada wuƙa ta taɓa shi. Takardar saman ma a ajiye ta, ko da ta yage.

Zanen ya fi na cikin mujallar girma, launin ma ba ɗaya ba. Jabu ne?

A'a, haka ya kamata. Akan yi zane ya ninka girman bugu sau ɗaya da rabi ko biyu, don idan an rage layukan su ƙara kaifi. Kwalin da aka fi amfani da shi inci 15 da 20 ne, ko 20 da 30. Wanda girmansa ya yi daidai da shafin mujalla ba ƙari ba ragi shi ne abin zargi. Launi kuwa, tawada huɗu ba ta iya fitar da kore mai haske ko ruwan lemo yadda fenti yake, kuma takardar mujallar ta yi rawaya. Siffa ita ce ma'auni: ka ɗauki hoton shafin, ka ƙara girmansa a kwamfuta, ka ɗora a kan hoton zanen. Kowane reshe da kowane gashi ya kamata ya hau ɗan'uwansa. Na asali yakan ƙunshi fiye da abin da aka buga, saboda an yanke gefe. Wanda aka kwafa daga mujalla ba ya iya nuna abin da mujallar ba ta nuna ba.

Babu sa hannu fa?

Ba abin mamaki ba ne a ƙananan zane na cikin shafi, domin sunan mai zane a rubutun mujallar yake fitowa. Zane marar sa hannu da siffarsa ta yi daidai da shafin da aka buga da sunan mai shi ya fi mai sa hannu da ba a san inda ya fito ba. Sa hannu shi ne abin da ya fi sauƙin ƙarawa.

Tocilar UV tana da amfani?

Tana da shi. UV haske ne da ido ba ya gani, a nemi tocila mai lambar nanomita 365. Tun wajen 1950 masu yin takarda suka fara sa sinadarin ƙara fari, wanda ke walƙiya shuɗi a ƙarƙashinta. Saboda haka zanen da aka ce na 1935 ne amma takardarsa na walƙiya, akwai magana. Rashin walƙiya kuwa ba ya tabbatar da komai, don har yau ana yin takarda marar sinadarin. Inda ta fi amfani shi ne nuna gyaran baya-bayan nan, wanda ke fitowa tabo-tabo dabam da sauran fentin, da tsohon gam da ido bai gani ba.

Wace irin lalacewa ce ta fi yawa, kuma me ke kawo ta?

Kwalin kansa. Fuskarsa takarda ce mai kyau, amma cikinsa sau da yawa niƙaƙƙen itace ne mai tsami. Da shekaru tsamin kan sa cikin ya yi ruwan ƙasa ya bushe ƙamas, kusurwa ta karye da an ɗaga shi da hannu ɗaya. Ka duba kaurin gefen: idan ya yi duhu yana marmashewa, a riƙa ɗaukar zanen a kan wani faifan kwali, da hannu biyu.

Sai fenti. Mafi yawan waɗannan zane da guwash aka yi su, wato fentin ruwa mai kauri da ba ya ƙyalli, domin kyamarar madaba'a ba ta son ƙyalli. Guwash ba ya lanƙwasa. Idan an sa shi da kauri, kwali kuma ya lanƙwashe saboda sauyin laima, sai ya tsage ya fara ɓanɓarewa, farin da aka yi gyara da shi ne kan gaba. Ruwa kuma yana narkar da shi har yau, ɗigo ɗaya ya isa ya bar tabo.

Sai koɗewa. Masu zanen mujalla sun yi amfani da rini na ruwa da wasu launuka masu ɗaukar ido da ba sa jure haske, musamman ruwan hoda da shunayya da wasu ja. Ka ɗaga kwalin firam ka duba gefen da ya rufe. Idan launin can ya fi na tsakiya ƙarfi, zanen ya riga ya koɗe, kuma ba a dawo da shi.

Sai gam da salatif. Gam ɗin roba da madaba'u ke manna rubutu da shi yakan bushe ya saki, ya bar tabo ruwan ƙasa da ya ratsa takarda. Salatif ma haka. Akwai kuma 'yan ɗigo masu kama da tsatsa da laima ke fitarwa, da layi mai duhu da tsohon kwalin firam mai tsami ya bari kewaye da zanen.

Zan iya gyara wasu da kaina?

Ƙurar gefe da baya kaɗai, da buroshi mai laushi. Kada abin goge fensir ya taɓa fenti ko rubutun gefe. Kada a ja salatif, yana tafiya da fuskar takarda. Kada a fesa wa zane wani abu da sunan kariya. Idan fenti ya fara tashi, a kwantar da zanen fuska sama, kada a sa komai a kansa, a nemi ƙwararren mai gyaran takarda.

Yaya ake sa shi a firam?

Fenti kada ya taɓa gilashi. A sa kwalin firam na auduga zalla marar tsami, mai ninki 4 ko 8, wanda zai ba da tazarar milimita ɗaya da rabi zuwa uku. Idan zanen a kan takarda yake, a rataye shi ta sama kaɗai da 'yan yankan takardar Japan da kokon sitacin alkama, don ya samu damar miƙewa da takurewa. Idan a kan kwali mai kauri yake, a yi masa gurbi daidai kaurinsa ya zauna ciki, ba gam ko kaɗan. Gilashi ya zama mai tare hasken UV. Gilashin roba ya fi sauƙi kuma ba ya fashewa, amma idan an goge shi yana jan ɓarɓashi, don haka bai dace da fentin da ke tashi ba.

Gidajen adana kaya suna nuna irin wannan aiki a haske mara ƙarfi, wanda bai wuce 50 ba a ma'aunin haske da ake kira luks. A gida, a nemi bangon da rana ba ta kai masa, nesa da kicin da banɗaki da bakin na'urar sanyaya ɗaki. Gilashi mai tare UV yana rage koɗewa, ba ya hana ta, domin hasken da ido ke gani ma yana ci.

Ina zaune a Kano. Yanayinmu zai bar shi ya rayu?

Zai rayu idan an tare shi daga sauyi. Takarda da guwash sun fi son laima kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A Kano ko Maraɗi ko Damagaram, hunturu kan sauke ta ƙasa da 20, a watan Agusta kuma ta haura 70. Bushewar na sa kwali ya lanƙwashe fenti ya tsage, laimar kuma daga 65 zuwa sama tana tayar da funfuna. Hawa da saukar, shekara bayan shekara, su ne suka fi illa.

A ajiye zanen a kwance cikin akwatin roba mai murfin da ke rufewa gam, kowane zane cikin jakar takarda marar tsami, da ƙaramar na'urar auna laima a ciki. Da damina a sa ƙunshin silika mai shan laima. Idan na'urar ta sauka ƙasa da 40 a rage shi, don silikar da aka gasa yanzu tana iya busar da akwatin fiye da kima. A rufe akwatin kafin hunturu ya kankama, kada a riƙa buɗewa. A ɗora shi a kan kanta na ƙarfe, nesa da bango da ƙasa saboda gara, a duba kashin kyankyaso kowane wata. Kada a fesa maganin ƙwari a ciki. Wanda ke firam a toshe bayansa da kyau saboda ƙura.

Ina ake samunsa, kuma me ke sa kuɗi?

Gidajen gwanjo irin su Heritage a Dallas da Swann a New York suna yin gwanjon zanen mujalla a kai a kai, kuma suna ajiye sakamakon baya a shafinsu, nan ake koyon farashi. A kan kuɗin da aka buga guduma ana ƙara la'adar gidan, kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, ga kuɗin jigila da inshora da kwastan. A karanta kalmomin kundin da kyau: suna shi kaɗai yana nufin gidan ya tsaya a kai, "attributed to" zato ne, "after" kuwa kwafi ne da wani ya yi.

Kuɗi yana bin suna, sannan bango ya fi shafin ciki, launi ya fi baƙi da fari, tsuntsun da mutane ke so ya fi wanda ba a sani ba. Aikin wasu mujallu yana da wuyar samu saboda kamfanin ya riƙe shi. Ford ta tara na Ford Times tana zagayawa da shi nuni, National Geographic ma ta ajiye nata, ko da yake ta sayar da wasu a gidan gwanjon Christie's a Disamba 2012. Don haka idan an kawo maka irin wannan, ka tambayi yadda ya fito: daga iyalin mai zane, ko ma'aikacin mujalla, ko gwanjo? A ba ka amsar a rubuce cikin rasit. Ga mai farawa, zanen alƙalami na cikin shafi daga mai zane marar babban suna, da hatimi da gefensa cikakke, ya fi koyar da ido.

Na saya. Zan iya buga shi a riga ko kalanda in sayar?

A'a. Ka sayi kwali da fenti ne, haƙƙin mallakar zanen yana hannun magada ko mujallar. A Birtaniya da Najeriya haƙƙin yana kaiwa shekara 70 bayan mutuwar mai zane, saboda haka aikin Tunnicliffe yana cikin kariya har ƙarshen 2049. A Amurka, abin da aka buga kafin 1964 sai an sabunta rajistarsa bayan shekara 28, wanda aka sabunta kuwa yana da shekara 95 daga bugu. Manyan mujallu galibi sun sabunta.

Akwai tsuntsayenmu a cikin wannan fage?

Akwai, amma a littattafai da kan sarki suka fi fitowa. Babban aikin David Bannerman a kan tsuntsayen Afirka ta Yamma ya fito a mujalladi takwas daga 1930 zuwa 1951, George Lodge yana cikin waɗanda suka yi zanen. Kan sarkin Najeriya na 1965, zanen Maurice Fiévet, yana da aku da gauraka. Gwajin gilashi da tocila ɗaya ne ga duk wanda aka kawo wa irin waɗannan da sunan zanen hannu.

Yaya za a turo mini shi?

A kwance, kada a naɗe. A cire gilashi, domin idan ya fashe shi ke yanka zanen. A rufe fuskar da takarda mai santsi marar tsami, a kama kusurwa huɗu a kan faifan da ya fi zanen girma da inci biyu kowane gefe, a sa wani faifan a sama, a nannaɗe da leda saboda ruwa, sannan kwali mai ninki biyu. Idan fenti na tashi, a gyara shi kafin a turo. Da ya iso ka ɗauki hoton kwalin kafin ka buɗe saboda inshora, ka bar shi awa 24 a ɗakin da zai zauna kafin ka cire ledar.